Injin da Ya Cije a Gindin Tsamiya

Kwanan baya motar babban ɗana ta tsaya a ƙofar gidana a Kazaure, ta ƙi tashi. Aka kira bakanike. Ina zaune a kan tabarma ya iso da farar riga tas, ya zaro wata 'yar na'ura kamar wayar hannu, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura mata ido, ya ce injin ya gama yayi, sai dai a sauke a ɗora wani. Bai sunkuya ya kasa kunne ba, bai lakaci mai ya murza a yatsa ba. Bayan kwana biyu aka kawo wani injin daga Kano, aka ɗora, tsohon aka jingine shi a bango. Ni ɗan kasuwa ne, na san yanzu sauri ake saya. Amma duk sanda na fito alwala na ga ƙarfen nan a jingine, ba wanda ya ko buɗe shi ya ga abin da ke damunsa, sai hankalina ya tafi Babura, gindin wata tsamiya.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya fara mallakar mota a unguwarsu, wajen shekarun da aka sami mulkin kai. Koriyar akori-kura ce, sitiyarinta a dama, ba ta tashi sai an zura mata handul ta gaba an murɗa. A lokacin gari shiru yake. Da safe ba ka jin komai sai luguden mata, da kukan jakai, da guga tana bugun bakin rijiya, saboda haka motar Kawu tana can bayan gari kowa ya san ta taso. Yana jigila tsakanin Babura da Kazaure, ranar kasuwa ya leƙa Roni ko Gwiwa, cikin yashin da yanzu ko mai babur ba zai yarda ya shiga ba. Ba ya son surutu in yana tuƙi. Yakan ce wa fasinja, “Ku yi shiru mana, ina jin abin da take faɗa.” In ya ji wani ɗan sauti da bai gamshe shi ba, sai ya tsaya a tsakiyar daji, ya buɗe gaba, ya ɗora kan sukuddireba a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, kamar likita. Yanzu motoci sun fi jakai yawa a hanyar nan, amma ban san direba ɗaya da zai iya gane tasa da ido a rufe ba.

A bayan motar nan na ɗora kayana na farko, buhu uku na gero da 'yan fatu. Daga nan na kama hanya, na yi hatsi, na yi dabbobi, na yi cinikin sefa da mutanen tsallake, har na zama abin da na zama. Ban gaji komai ba, kuma an san ni da abu ɗaya: ba na sa hannu a abin da ban ga amfaninsa ba.

Sai yanar ido ta kama Kawu. A hankali ta zo, har ranar da ya kusa take wata tunkiya bai gan ta ba. Ya dawo gida, ya shigar da motar gindin tsamiyar da ke ƙofar zaurensa, ya ɗora ta a kan duwatsu, ya ce sai ido ya yi sauƙi. Ido bai yi sauƙi ba. Shekara takwas tana nan. Aka canja kuɗi, aka canja hannun tuƙi, gyaɗa ta ja baya, kuɗin man fetur ya shigo, sababbin motoci suka cika tasha, kowa yana neman bulo da kwano. Ita kuwa kaji suna ƙwai a kujerarta, shi kuma Kawu kullum yana kan buzunsa a inuwarta, bayansa jingine da tayar gaba.

Babban ɗansa Garba, taubashina, shi ya taso da maganar. Ya sauke bulo yana son gina kanti, kuma ba wurin da ya dace kamar inda motar take. Ya riga ya yi magana da wani maƙeri daga Roni, wanda ke son ƙarfen kafin damina don ya ƙera garma da fartanya. Na iso ranar kasuwa na tarar ana zancen a gaban Kawu.

Na ce, “Haba Garba, motar da ta ciyar da kai za ka kai wa maƙera?”

Ya ce, “Ji Sarkin Riba! To saya mana, tunda kai ko ƙashin awaki ka gani sai ka tambayi mudu nawa.”

“Ba saye zan yi ba. Tayar da ita zan yi.”

Ya yi dariya har da buga cinya. “Kai? Kai da ko tayar babur ɗinka sai an liƙe maka?”

Kawu bai sa baki ba sai da muka gaji. Sannan ya ce, “Garba yana da gaskiya, wuri nasa ne, iyali gare shi. Ga abin da za a yi. In ta tashi kafin ruwan farko, ta bar wurin da ƙafarta, ta koma bayan gida. In ruwa ya sauka tana nan, a kira maƙeri.” Ya faɗa a sake, kamar zancen wani, amma na ga hannunsa yana shafa ƙarfen da ke bayansa. Har yau in an tambaye ni abin da ya sa na ɗauki aikin, ba ni da amsa ta kasuwa. Sha'awa ce kawai, da kuma hannun nan da na gani.

Na fara da abin da na iya, wato ƙarfi. Na zura handul na murɗa, ko motsi. Na hau kansa da ƙafa biyu na yi tsalle, handul ya lanƙwashe, injin bai san ina yi ba. Na hura tayoyi, muka sauke ta daga kan duwatsu, na je wajen wani Bafulatani maƙwabcinsu na aro shanun huɗa biyu. Muka ɗaura igiya, na sa giya, aka kora shanu. Tayoyin baya suka ƙi juyawa, suka yi ta jan ƙasa kamar ana huɗa, har igiyar ta tsinke na kusa cin sitiyari. Unguwa ta taru. Garba yana cewa a kawo iri a zuba a kunyar da na yi, kada wahalar ta tafi a banza. Tsofaffi mata kuma suka ce dama abin da ya shekara takwas a gindin tsamiya ai ba shi kaɗai yake ba. Muka tura ta da hannu ta koma inda take. Kawu ya kira ni gefe ya ce, “Ɗan nan, in ka ƙara ja za ka karya mata abin da ba ya gyaruwa. Je ka nemo Bitrus.”

Bitrus bakanike ne a tashar Kazaure, Kirista, mutumin kudancin Jos, ya daɗe a cikinmu har ya fi wasunmu iya zagi da Hausa. Ran Lahadi bayan ya taso daga coci na goya shi a babur da jakar kayan aikinsa. Ya durƙusa ya gai da Kawu, suka taɓa hirar tsofaffin direbobi, sannan ya buɗe gaba. Abin da ya fara ba shi mamaki, filogi huɗun duk da hannu suka kwance, ba sai da sifana ba. Ya cire murfin injin, muka leƙa. Na zaci zan ga jar tsatsa. Sai na ga wani abu ruwan ƙasa, mai sheƙi, ya daskare a kan kowane fistin kamar ƙaro. Bitrus ya kankaro da wuƙa, ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ɗan taɓa a harshe.

Ya dube ni ya ce a hankali, “Mutumina, wa yake suya a cikin injin nan?”

A daidai lokacin Inna Habi, matar Kawu, ta fito da kwanon fura. Ta ji abin da ya ce. Ta ajiye kwanon, ta yafuto ni da hannu, na bi ta cikin zaure. Inna sana'arta ƙuli-ƙuli, kuma duk Babura an san man ta. Tun ina yaro na san ƙamshin gidan, da ƙarar gyaɗa a kasko, da yadda take tsayawa a kan turmi tana juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya taso. Ta rage murya ta gaya mini komai. Ranar da Kawu ya ajiye motar, ya nuna mata yadda ake kwance filogi, ya ba ta gwangwanin baƙin mai, ya ce duk shekara ta zuba cokali biyu a kowane rami don kada ciki ya yi tsatsa. Shekara biyu gwangwani ya ƙare. Lokacin idon ya rufe gaba ɗaya, ko an ambaci mota sai ya yini bai ci abinci ba, ta kasa tayar masa da zancen.

Ta ce, “Sai na ce ai mai mai ne. Da shi muke shafe wuƙa da almakashi, ba sa tsatsa. Kuma ba na kasuwa nake zuba mata ba, na farkon matsa nake ɗiba, wanda nake ajiye wa Malam. Har nakan ƙara, in na ga kaka ta yi kyau.” Ta kama bakin zanenta. “Ni na kashe ta ko?”

Na ce bari in tambayo. Bitrus ya saurara, ya yi dariya mara sauti har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya shiga zauren da kansa ya rusuna. Ya ce, “Mama, man ki ne ya riƙe ta, wannan gaskiya ne. Ya bushe ya zama danƙo. Amma da ba ki zuba ba, damina takwas ta shiga cikin nan, da yanzu ba abin da za mu tarar sai garin tsatsa. Danƙo yana narkewa. Tsatsa kuwa in ta ci, ta ci.”

Inna ta ce, “Don Allah kada Malam ya ji.”

Da muka fito Kawu ya tambaya, “Me ya riƙe ta?” Ni ba na ƙarya, ko a ciniki, don na ga ƙarshen masu yi. Amma na daɗe da sanin ba kowace tambaya ce ake zazzage mata buhu ba. Na ce, “Ba tsatsa ba ce, Kawu. Maiƙo ne ya daskare.” Ya gyaɗa kai, ya ce to da sauƙi.

Maganin da Bitrus ya bayar ba shi da wuya, sai dai ya saɓa wa halina. Ya ce in cika kowane rami da kananzir, in bar gaba a buɗe rana ta gasa, in tafi harkata. In na dawo in kwashe abin da ya narke, in zuba sabo, in ɗora itace a kan fistin in ɗan buga sau uku ko huɗu, in taɓa handul kaɗan gaba, kaɗan baya. “Ban ce ƙarfe ba, itace. Kuma kada ka buga kamar kana jin haushinsa. In ka fasa fistin ɗaya, ko Kano ba za ka sami irinsa ba.” Muna neman itacen da ya dace, sai ga Inna da tsohuwar taɓaryarta ta kirya wadda ta tsage a gefe. Ta ce a yanka. Bitrus ya gwada gutsuren a ramin, ya shiga daidai kamar don shi aka sassaƙa.

Haka na shiga zarya. Duk ranar kasuwar Babura, da na sallami masu hatsi sai in cire babbar riga in nufi gindin tsamiya, ran Juma'a ma in an sauko in zo. Bazara ta yi tsanani, ƙarfe ba ya taɓuwa da tsakar rana, sai la'asar. In tsoma tsumma in share, kananzir ya fito kamar ruwan shayi, in zuba wani, in ɗora guntun taɓarya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kawu yana gefe yana saurare. Yakan ce, “Wannan na biyun ya fara laushi, ka ji ƙararsa ta sauya?” Ni ban ji komai ba, sai dai in ce masa to. A nan ya ba ni labarin kowace hanya da ya bi, inda yashi yake kama mota a hanyar Gwiwa, da yadda ake shimfiɗa kara a ƙarƙashin taya. A nan kuma na gano akwai daɗi a aikin da ba wanda yake jira ka gama don ya karɓa. Duk rayuwata sauri nake yi, in riga wani isa kasuwa, in riga wani taya kaya. Wannan abin kuwa bai san sauri ba. Abokan cinikina suka fara cewa na sami taɓuwa. Yaran yanzu in na ba su labarin sai su ce, to Baba me ya hana a sayo wani injin? Ba na iya amsa musu ta yadda za su gane.

Mako biyar ba abin da ya motsa. Iska ta juya, gabas ta fara haɗa gajimare da yamma, manoma suka gama sharar gona. Maƙerin Roni ya zo da kansa, ya zagaya motar, ya tsuguna yana auna ƙarafan ƙasa da taƙi. Ya gai da Kawu da ladabi, Kawu ya amsa da ladabi, amma ranar bai yi hira ba. Garba ya ce mini, “Sarkin Riba, ka tara kananzir ɗin da ka ɓata, da yanzu ka buɗe kanti kusa da nawa.” Raina ya ɓaci. Na ɗauki babbar gudumar da ke jakar Bitrus, na ɗaga ta sama da kaina. Ban san yadda Kawu ya sani ba, ko numfashina ya ji.

Ya ce, “Ajiye. In ta tafi wajen maƙeri, ta tafi lafiyarta ƙalau. Ba kai za ka fasa ta ba.”

Na ajiye. Na ɗauki ƙaramar, na yi ƙwas uku kamar kullum, na kama handul na ɗan danna ba da niyyar komai ba. Sai na ji ya tafi. Bai fi faɗin ƙwayar gero ba, amma ya tafi. Na mayar baya, ya dawo. Kawu ne ya ce, “Alhamdu lillahi.” Kafin magariba injin yana juyawa zagaye guda, da nauyi, yana tsotsar iska.

Sauran aikin kwana tara ya ci. Bitrus ya rufe garejinsa yini biyu, muka zare fistin ɗaya bayan ɗaya, muka jiƙa su a tasar Inna, muka ɓamɓare zobban da ke jikinsu da tsinke da haƙuri. Cikin ramukan sumul, ko ɗigon tsatsa babu, Bitrus yana shafawa yana cewa, “Kai, Mama!” Muka wanke kafireto, muka toshe lagireto inda yake yoyo, ya yanka gasket da hannunsa, wato shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin murfin injin, muka zuba sabon baƙin mai, ya kawo aron batir. Ranar da muka ɗaure ƙusa ta ƙarshe, hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun azahar, iska tana kaɗa tsamiya, ana jin ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri.

Bitrus ya shiga ya riƙe totur, ni na kama handul. Na murɗa, shiru. Na sake, ta yi tari ɗaya. Na uku handul ya dawo ya doke ni a hannu, har yau wurin yana yi mini ciwo in sanyi ya zo. Ban ankara ba sai na ji an ture ni. Garba ne, ya naɗe hannun riga. Ya ce, “Matsa, raggo. Tun ina shekara goma nake tayar da ita.” Ya tofa yawu a tafi, ya murɗa sau ɗaya da dukan jikinsa. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta girgiza kamar za ta watse, sannan ta kama.

Hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, fari, mai kauri, ya cika ƙofar gida. Kuma ba warin fetur yake ba. Duk unguwar ta ɗauki ƙamshin suya, kamar an ɗora kasko goma na ƙuli-ƙuli a lokaci ɗaya. Mutane suka fito suna dariya, wani yana tambaya gidan wa ake biki. Na waiga na ga Inna a bakin zaure ta rufe fuska da mayafi.

Kawu ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Ya ɗora tafinsa a jikin motar, ya daɗe a haka, ya ɗaga kai yana shaƙar hayaƙin. Sannan ya juya daidai inda take, kamar yana gani.

“Habi.”

“Na'am, Malam.”

“Gwangwanin da na bar miki ba zai wuce shekara biyu ba.”

Ta ƙara jan mayafin a fuskarta.

“Ni na ɗauka tun lokacin kin daina.”

Ta ce, cikin mayafi, “Ai ba ka ce in daina ba.”

Bai ƙara cewa komai a kai ba, ranar ko bayanta. Ya goge fuska da hannun riga, ya sunkuya wajen injin ya karkata kai, ya ce, “Bitrus, na ukun nan ba ya ci daidai. Miƙo mini sukuddireba.” Ya gyara da hannunsa, da kunne, ƙarar ta daidaita. Muka ɗora Kawu a kujerar gaba, na ja ta a giya ɗaya, muka zagaya ta bayan gida inda aka kafa mata rumfa. Muna kashewa ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi.

Garba ya gina kantinsa, ya yi albarka. Maƙerin ya sami ƙarfe a wani wuri. Motar ta ƙara shekara uku tana kai Kawu masallacin Juma'a, tana ɗauko wa Inna gyaɗa daga ƙauye, kuma har ta daina tafiya ƙamshin nan bai gama fita daga jikinta ba. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, Bitrus ma ya koma garinsu da tsufa. Guntun taɓaryar yana cikin akwatina.

Jiya da la'asar na sa aka kwantar da injin ɗana a inuwa, na aika aka sayo mini kananzir galan ɗaya. Ya tsaya yana kallona, ya ce, “Baba, me za ka yi da shi? Ai an riga an sa wani.” Na ce masa na sani, ya dai miƙo mini sifana.